Wa Ke Kwana Kusa da Ita?

Gummi,
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Saudatu,

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, kuma a hannunsa nake damƙa ki. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon ya tsare ki zaune da tafe, ya tsare ki a kan tudu, ya kuma tsare ki a sararin samaniya, inda na ji an ce nan hanyarki za ta bi. Ki gaishe mini da kawunki da dukan mutanen gidansa na Anka. Ki sanar da su cewa tsohon Hedimasta, wanda ya mulki makarantu tsakanin Bukkuyum da Gummi ba tare da ko alli ya yi masa tawaye ba, yana nan da ransa, yana riƙe da daularsa: ɗaki huɗu, rijiya ɗaya, darbejiya ɗaya, da kaji biyar waɗanda har yau ba su san darajarsa ba.

Kwana shida ke nan da kika tafi yin sallama da dangin Innarki, kuma kwana shida ke nan maganar da kika yar mini a ƙofar zaure tana zaune tare da ni, tana cin tuwo tare da ni. Kika ce, "Baba, in ba ka zuwa a yi maka hoton ga na kai, ni ma ba ni zuwa Masar. Sai in maida masu takardassu, in zamna in tsare ka." Na amsa miki da jawabi mai rassa, wanda na kawo tarihin lafiyar kakannina a ciki har zuwa na huɗu. Kika jira na gama, kika zura mini tsohuwar wayarki a aljihu, kika ce, "Na gwada maka inda ake dannawa. In za ka ƙailula ka danna, ka aje ta kusa da kanka. In ka tashi ka saurara." Kika shiga mota.

To, ga amsata. Na rubuta ta ne domin idan na buɗe baki, bakin yakan riga ni gaba, ya bar ni a baya ina neman takalmi.

Na karanta cewa mutanen dā na ƙasar da za ki, idan za su adana gawar sarkinsu, sukan zaro ƙwaƙwalwa ta hanci su zubar, su bar zuciya cikin girma da ɗaukaka. Na sha ba da wannan labari a majalisa ana dariya. Ke kuwa za ki can ne ki ƙaro ilimin ɗaukar hoton abin da suka zubar, ki koyi yadda hoton ke nuna wa likita hanyar da zai bi da masu ciwon sukari da masu lalataccen barci. Kafin ki je ki yi wa Fir'aunoni dariya, ya kamata ki san abin da mahaifinki ya zubar. Wani kin gani da idonki kina yarinya. Wani ban taɓa faɗa miki ba.

Innarki, Allah ya jiƙanta, tana da minshari. Ba na gama-gari ba. Minshari ne mai daraja, mai hawa da sauka, wanda ya cancanci a naɗa masa rawani. Ni ina turaka, ita tana ɗakinta tare da ke, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi, kuma ban taɓa jin wanda ya ga aibin haka ba. Ƙarar takan ƙetaro tsakar gida ta same ni. Shirun da ke tsakanin ƙara da ƙara kuwa ba ya ƙetare tsakar gida. Shekara da shekaru ina jin rabin barcinta, ina tsammanin na san dukansa.

Da safe nakan tsaya bakin madafa da butata, in yi shela: "Jama'a, jiya rundunar Anka ta kawo hari, amma Gummi ta tsira da kyar." Sai ta yi dariya ta ce, "Malam, kai dai ba ka rasa abin hwaɗi." Wata safiya ba ta yi dariyar ba. Ta ce, "Ni kau na tashi awa wadda ba ta kwanta ba. Kaina kamar an aza mani turmi." Na ce mata duk wanda ya kwana yana yaƙi dole ya tashi a gajiye. Na tafi makaranta ina jin daɗin amsar, har na maimaita ta ga malamai.

Saudatu, kin gaji bakina, na sani, domin na sha ɗanɗana shi. Ba'a abu ne mai daɗi, tana sauƙaƙa zaman duniya, kuma ban yi nadamar yawancin wadda na yi ba. Amma ranar da kika yi ba'ar da kika saba, wanda ya saba dariya bai yi ba, to ki ajiye butarki ki zauna. Ranar ce yake so ya gaya miki wani abu.

Daga nan ta fara gyangyaɗi da rana. Tana tsintar shinkafa sai kai ya sunkuya cikin faifai. An taɓa tashinta a gidan suna, a tsakiyar mata, ana guɗa a kanta. Ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa, ga wani ɗan miki a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. A asibitinmu na nan aka auna jininta, aka ce sukari ne da hawan jini, aka ba ta ƙwayoyi. Da na bar zancen nan, da ya fi. Amma a shekarun ne masifar gubar dalma ta faɗa wa Dareta da Abare da Sunke, yara suna mutuwa a gidajen da ake niƙa dutsen zinari, kowa kuma bakinsa dalma. Na karanta duk takardar da ta faɗo hannuna. Na tuna Innarki takan je Anka ta kwana biyu, kuma cikin danginta akwai masu wannan sana'a. Sai na zauna a zaure, na naɗa kaina likita, na ba kaina takardar shaida, na yanke hukunci: dalma ce ta taɓa mata kai. Sukari kuwa, na ce, ƙaramin laifi ne da aka kama domin an rasa babban ɓarawo.

Maganin da na tsara mata shi ne madarar shanu daga rugar Fulani, da zuma. Zuma, Saudatu. Safe da yamma, da cokali babba, ina tsaye a kanta kamar mai duba jarrabawa.

Ladan Mamman, maƙwabcinmu, wanda Allah ya halitta domin ya riƙa musanta mini, ya tarar da ni da kwalbar ya ce, "Hedimasta, ba an ce sukari gare ta ba?"

Na ce, "Wannan zuma ce. Zaƙinta na fure ne. Zaƙin sukari na rake ne."

Ya ce, "To jinin nata ya yi boko? Shina iya bambance hure da rake?"

Na ce masa ya tsaya ga kiran salla, ya bar kimiyya ga ma'abotanta.

Kusan shekara muka yi a haka. Da aka zo aka auna jininta domin dalmar, ba a sami abin da nake nema ba. Na ji haushi, ki yarda da ni, haushi na ji kafin kunya ta iso. Wannan ki riƙe shi da kyau a aikinki: cutar da ake yayi ba ita ce cutar kowa ba. Idan kin koyi sabon abu, zai riƙa bayyana miki a fuskar duk wanda ya shigo. Mai ƙaramin sani yakan ce bai sani ba, ya tura ka gaba. Mai karatu irina shi ne abin tsoro, domin kullum yana da bayani, kuma bayanin yana da tsari.

Sai wata safiya hannunta na dama ya mutu, ludayi ya faɗi, maganarta ta karkace. Kafin hantsi komai ya dawo daidai. Ma'aikacin asibitinmu ya ce kada mu yi wasa, mu kai ta Sakkwato a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Kin tuna tafiyar, domin ke kika riƙe jaka. Abin da ba ki gani ba shi ne abin da ya faru cikin ofishin likita, domin ni na ce ki zauna a baranda ki tsare kaya.

Likitan saurayi ne, mai natsuwa, bai kai ɗaliban da na yaye da fari ba. Ya gaishe ta da Hausa, ya jawo kujerarsa kusa da ita ya ce, "Inna, yaya barcinki?"

Ka'idarmu kin san ta. Idan mace ta zo gaban baƙon namiji tare da mijinta, mijin ne bakinta. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta a gidanmu. Saboda haka na gyara zaman hulata na amsa. Da Turanci kuma na amsa, irin na littafi, mai dogayen gaɓoɓi, domin yaron ya san da wa yake magana. Na ce barci ai ta fi kowa a ƙasar Gummi, tana yi da dare, tana ƙarawa da rana, in da ana ba da lambar yabo a kansa da mun cika bango.

Ya yi murmushi. Ya sake juyawa gare ta, ya sake tambaya da Hausa: "Wa ke kwana kusa da ita?"

Na ce, da Turanci dai, "Likita, ni ne mijinta tun kafin a haife ka."

Ban yi ƙarya ba, amma ban amsa abin da ya tambaya ba. Shi kuwa ya ji kunyar furfurata, ya koma Turanci, muka ci gaba da tattauna ta kamar gonar da za a sayar. Na ga ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Ba ta jin Turanci. Har ta koma ga Allah ba ta san abin da na faɗa da sunanta a ɗakin nan ba. Wadda ta san amsar tana zaune a baranda, taku goma daga ƙofa, tana tsaron jakar tufafi da kwanon dambu.

Aka kai ta ɗakin na'urar. Aka sa ta cire 'yan kunne da awarwaro, aka kwantar da ita, aka tura ta cikin wannan rami mai kama da bakin rijiya a kwance. Ina jin ƙarar daga waje, kamar maƙera goma sun haɗu a rumfa ɗaya. Na ɗauka za ta fito tana kuka. Ta fito tana gyara ɗankwali, ta ce, "Malam, yau na gamu da wadda ta hi ni minshari." Ma'aikatan suka fashe da dariya. Cikin dukan maganganun da aka yi a gidan nan, nawa da na kowa, ba wadda ta kai wannan, kuma ba ni na yi ta ba.

A mota, tana gyangyaɗi a kafaɗarki, kika sunkuyo kika ce mini a hankali, "Baba, numhwashin Inna na tsayawa in tana kwana. Ina ƙirgawa. Wani lokaci sai na taɓa ta kahin ta ja shi." Kin tuna abin da na ce? Na tuna. Na ce an ɗauki hoton kanta da na'urar da ta fi unguwarmu tsada, ke kuma kina ƙirga da yatsu.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga wannan. Za a koya miki karanta hoton har ki ga jijiyar da ta fi gashi siriri. Amma hoto ba ya nuna yadda mutum ya kwana. Wannan sai an tambaya, kuma sai an tambayi wanda ya sani. Idan mace ta shigo da miji mai babbar riga da babban Turanci, ki girmama shi, ki ba shi kujera, ki yaba hularsa, sannan ki aike shi. Ki ce akwai takardar da sai shi zai iya sa wa hannu a can ƙarshen gini. Mu irinmu ba ma ƙin sa hannu. Idan ya fita, ki tambaye ta da harshen da take mafarki da shi. Daga nan ki leƙa baranda, ki ga wa aka bari da kaya.

Yanzu na zo wurin da na fi so in tsallake.

Bayan kwanaki na koma ni kaɗai na karɓo sakamakon, cikin wani babban ambulan. Wanda ya miƙo mini ya faɗa, ya maimaita, cewa in dawo da ita da ambulan ɗin ranar ganin likita, kada in wuce mako biyu. Ba laifin kowa a can. Na hau mota da ambulan a cinya kamar wanda aka ba sandar sarauta. Da na iso, na tara majalisa a zaure. Na zaro baƙin hoton, na ɗaga shi a hasken ƙofa, ga kan Innarki an yanka shi fala-fala kamar kabewa, layi bisa layi. Na yi wa jama'a bayani. Na nuna musu cewa ɓarin dama da na hagu daidai suke, kuma daidaito alamar lafiya ce tun daga ginin masallaci har zuwa halittar ɗan Adam.

Ladan ya matso ya ce, "Waɗanga hwararen ɗige-ɗigen hwa?"

Na ce ƙura ce ta hau hoton.

Ya sa bakin rigarsa ya goge. Ya ce, "Ba ta hita."

Na ce ƙurar birni ce.

A ƙasan ambulan akwai takarda guda, rubutun likitan hoto. Na karanta ta ni kaɗai a turaka. Na gane kowace kalma sai guda biyu, kuma duk nauyin takardar a kan biyun nan yake. Na ɗauko ƙamus ɗina, wanda na hori ɗalibai da shi shekara talatin. Ba su ciki. To, sai in koma gaban wannan yaro, wanda na yi wa Turancin da ya sa ya sunkuyar da kai, in ce masa ban gane ba? Na ninke takardar. Na ce wa Innarki hoto ya yi kyau. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To yaushe za mu koma?" Na ce ga damina ta kankama, hanya ta lalace, a bari sai bayan girbi.

Ba hanya ba ce, Saudatu. Kalma biyu ce.

Ba mu kai girbi ba. Kin san ranar, ke kika same ta a bakin murhu. Da muka koma asibitin a gigice, likitan nan ne dai. Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Ya sa tsohon hoton a jikin fitila, ya nuna mini ƙurar birnin da yatsa. Ya ce waɗannan wurare ne da ƙananan jijiyoyin jini suka riga suka toshe, sukari da hawan jini suna cinsu a hankali, kuma hoton gargaɗi ne cewa babba na tafe. Sannan ya sake tambayar nan tasa, kalma da kalma: "Wa ke kwana kusa da ita?" Wannan karon kina cikin ɗakin. Kika faɗa masa. Ya ajiye alƙalami. Ya ce duk lokacin da numfashi ya tsaya cikin barci, iskar da ke zuwa ƙwaƙwalwa takan ragu, jini ya hau, sukari ya ƙi kwanciya, mutum ya tashi a gajiye. Ya ce da ya haɗa wannan labari da wannan hoto tun farko, da ya sauya mata magani, da ya tura ta gwajin barci, da wataƙila an nema mata na'urar da ke hura wa mai barci iska ta hanci. Ya ce hoto shi kaɗai rabin magana ne.

Ban ce da ta rayu ba. Rai na Allah ne, ba a ƙara masa ba a rage masa. Amma an ba ni abin da zan yi, ban yi ba, kuma wannan nawa ne.

Wata huɗu ta yi bayan haka ba magana. Matar da na yi shekaru ina amsawa a madadinta, sai ga shi dole in amsa a madadinta, kuma a lokacin na gane ban san amsar komai ba. Ban san ko ta fi son kunu da tsami ko ba tsami ba. Ke ake tambaya. Na kwashe tabarmata daga turaka na koma ɗakinta, dattawan unguwa suna ƙus-ƙus, ban kula ba. A nan na ji shirun da bai taɓa ƙetaro tsakar gida ba. Na ƙirga shi da yatsu.

Saboda haka, idan malamanki na Masar suka faɗi kalmar da ba ki gane ba, ki ɗaga hannu a gaban kowa ki ce ba ki gane ba. Za ki ji zafi na minti ɗaya. Ni shekarata ta shida ke nan. Idan kuma aiki ya dawo hannunki, kada ki miƙa wa kowa ambulan a tsaye. Ki zaunar da shi, ki faɗa masa abin da ke ciki da Hausar kasuwa, ki sa ya maimaita miki. Wanda ya fi saurin cewa ya gane, shi za ki fi tsarewa.

Hoton yana nan. Kin san Innarki ba ta yarda da mai hoto ba, ko na biki, takan ja mayafi ta juya baya. Wannan baƙin hoton shi kaɗai ne hotonta a duniya. Wani lokaci da hantsi, idan gida ya yi tsit, nakan ɗaga shi a hasken ƙofa. Ba na yi wa kowa bayani yanzu. Nakan duba ne ko zan ga inda take ajiye waƙoƙin daka, da sunayen jikokin kowa a Anka, da abin da ta buɗe baki za ta gaya wa likita. Ba ya nunawa. Idan a can an ƙirƙiro na'urar da ke nuna wannan, ki rubuto mini.

To, ga ni yau da nawa sukarin. Ga ni ina gyangyaɗi a sahu ranar Juma'a, Ladan yana zungura ta da gwiwar hannu. Makon jiya, kin gani, na tsaya a tsakar gida da tsintsiya ina neman sunan tsintsiya. Kin ce a ɗauki hoto, na ƙi, kin ɗauka tsoron ramin nake ji. Mutumin da ya fuskanci iyayen yara ranar ba da sakamako ba ya tsoron rami. Tambayar nake tsoro. Likita zai jawo kujera ya ce, "Baba, wa ke kwana kusa da kai?" Yayanki yana Ikko da iyalinsa. Ke za ki Masar. Sai in ce masa kaji biyar.

Kwana huɗu wayarki tana aljihuna ban taɓa ta ba. Jiya bayan azahar na danna inda kika nuna, na ajiye ta kan matashi, na yi ƙailula. Da na tashi na saurara. Da fari na ji kaina ina gyara murya, kamar zan yi wa barcin jawabin maraba. Na ji zakara. Sai minshari ya fara, kuma ina shaida miki cewa rundunar Gummi ba ta gaza ta Anka ba. Ina murmushi, sai ya yanke. Na ɗauka wayar ce ta mutu. Na duba, tana tafiya. Ga kukan kurciya a darbejiya, ga wata mata tana tallan nono a waje, duniya duk tana nan, ni ne kawai ba na ciki. Sai can na ji wani ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Aka sake. Aka sake. Na san wannan shirun. Na taɓa kwana kusa da shi wata huɗu.

Na kai wa Ladan ya ji. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ba, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Hedimasta, tunda nike da kai ban taɓa jin ka yi shiru mai tsawo haka ba. Kuma ban so shi ba." Ya tashi ya shiga gida, ya fito da tabarma da bargo. Na ce ina zuwa? Ya ce tunda tasa tsohuwar ta rasu ɗakinsa ya yi mashi yawa, kuma shi dā ma barcinsa kaɗan ne. Na sanar da shi cewa ban gayyace shi ba. Ya ce shi ma bai tambaye ni ba. Ya shimfiɗa a ɗakin Innarki, gefen da kike kwana, ya ce in kwaso nawa kayan in dawo nan. Da safe ya kawo mini rahoto, da ƙari, da sharhi. Ban ce ya maye gurbin kowa ba. Tsoho ne mai tari da gardama. Amma yana da kunne, kuma yana da yatsu.

Saboda haka ga hukuncin daular Gummi, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ba za ki mayar wa kowa takarda ba. Idan kika zauna kika tsare ni, kin tsare tsoho ɗaya. Akwai mata a Bukkuyum da Anka da ƙauyukan da ke bayansu waɗanda ake yi wa ba'ar minshari yau da safe, kuma mazajensu sun iya magana. Su za ki je ki koyo wa. Ni ban hana Innarki magana ba don in zo in hana ki tafiya.

A can ki ci abinci a kan lokaci. Kada ki sayar da barcinki domin jarrabawa, kin fi ni sanin abin da yake saya. Kada ki kama ɗaki ke kaɗai ko da kin sami hali. Ki nemi yarinya mai salla da hankali ku zauna tare, ko da tana da surutu, ko da tana taɓa miki sabulu. Kaɗaici yana da daɗi wata na farko, kamar ɗaki mai shara. Daga baya mutum yakan fara yi wa kaji jawabi. Ki riƙa kirana ranar Juma'a, idan na fara ba ki tarihin kakannina ki katse ni ki tambayi abin da awon sukari ya nuna, idan na yi gardama ki ce a ba Ladan.

Kada ki dawo Gummi. Daga Anka ki wuce Sakkwato ranar Lahadi, ki sauka gidan gwaggonki. Ni da Ladan za mu taso da motar farko ranar Litinin. Zan zo da wayar, da ƙwayoyina, da takardar nan mai kalma biyu, wadda nake so ki tafi da ita ki ajiye inda za ki riƙa gani. Hoton kuwa ki bar mini.

Zan cire hula da agogo, in shiga ramin, in ji ko gaskiya Innarki ta faɗa game da minsharinsa. Idan muka shiga wurin likita, ba mai zama a baranda, kayan su tsare kansu. Idan ya yi tambaya, da Hausa za a amsa, ke da Ladan za ku amsa. Ni zan zauna in yi shiru. Ki lura da kyau, domin ba ki taɓa gani ba, kuma ban yi alkawarin maimaitawa ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya saukar da ke lafiya, ya dawo mini da ke ina da rai ko ya dawo da ke ga mutanen da ke jiranki. Allah ya buɗe miki abin da ke rufe, ya tsare ki daga girman kai irin na masu karatu. Allah ya jiƙan Innarki, ya yafe wa mijinta. Na yafe miki duniya da lahira, na sa miki albarka. Duk inda kika kwanta a bayan ƙasa, Allah ya sa akwai mai jin numfashinki.

Mahaifinki,
Malam Sa'idu, tsohon Hedimasta.